Gwiwar Labo

Hannun daman kakana Labo ba ya buɗewa duka.
In zai karɓi canji sai ya miƙa hagu,
ya ce a yi haƙuri, ba raini ba ne,
zare ne ya cinye yatsun
tun gyaɗa na da daraja a Maraɗi.

Ni ke saka masa maɓallin riga ran Juma'a.
Ni ke yanke masa farce,
ina jin ƙasusuwan sun cure wuri guda
kamar saiwar rogon da ta ci karo da dutse.

Ya ce a da, in an ɗaure dammunan gero,
sai su naɗe tabarma su hau bayan motar gyaɗa:
Tibiri, Madarunfa, Gidan Rumji,
wani lokaci har Jibiya in aljihu ya yarda.
Rundawa ne. Da safe fawa,
da la'asar a wanke jini a naɗa zare.
Kalangu ya kira sunanka kana bayan gari,
in ka noƙe, kafin ka iso gida
labari ya riga ka shiga ɗakin uwarka.

Na ce, Kaka, me ka samu?
Ya ƙirga da yatsun da suka rage masa:
keke, raguna bakwai, rediyo mai batir shida,
da babbar rigar da wani mai kanti
ya tuɓe ya jefa fili don daɗi ya kwashe shi.
Keken ya tafi shekarar da ruwa ya ƙi.
Ragunan, makaɗa sun taya shi ci.
Haƙora huɗu ya baro a Tasawa,
ya ce in na je in tambaya ko an tsinta.

Sai maganar Mantau na Jiratawa.

Bahago ne, dogo, ba ya kirari,
shi dai ya tofa yawu a garkuwa ya matso.
Turmi biyu suka yi a bakin gulbi babu kisa.
Ana cikin na uku iska ta kashe fitila.
Da aka kunna,
Mantau ya ce gwiwar Labo ta taɓa ƙasa.
Labo ya ce ko inuwarta ba ta taɓa ba.
Mai rabon ya ce shi yana neman ashana.
Makaɗi ya karɓi dalar kowa, ya wasa kowa.

Shekara arba'in da ɗaya.
Idon Mantau ya rufe,
Labo na gadin shagon siminti a Sabon Gari.
Amma duk Litinin, ranar kasuwa,
ga Mantau jikansa na jan sandarsa.
Benci ɗaya, goro ɗaya a ɓare biyu.
"Ta taɓa."
"Ba ta taɓa ba."
"Da kunnena na ji ta."
"Kai da ba ka gani da fitila, balle babu?"
Ƴan kabu-kabu na wucewa suna dariyar tsofaffi,
ba su san waɗannan kafaɗun
sun taɓa hana gari uku barci ba.

Cikin damina Mantau ya cika.

Labo ya ƙi hawa babur, da ƙafa muka je.
Da aka jera itace aka fara tura ƙasa
sai ya ture ni, ya sauka da kansa,
gwiwa ɗaya, sannan ɗayar,
cikin jar laka.
Da dunƙulen nan da ba ya buɗewa
ya riƙa tura ƙasar a hankali,
kamar mai gudun kada ya ji wa wani ciwo.
Na ji ya ce, "To, Bahago, ga su nan. Duka biyun."

Mutum biyu suka ɗaga shi.

A hanya bai ce uffan ba,
lakar na bushewa a wandonsa.
Sai da muka hango fitilun gari
ya tsaya, ya riƙe kafaɗata, ya huta,
ya ce, "Amma ta wancan daren,
ka rubuta a takardarka ta lakwal,
ba ta taɓa ba."