Takalmin Nazifi

Daga Madarumfa muka taso gab da magariba,
suna muka je, na ɗiyar ƙanwata.
Tsahiru na tuƙi yana yi mini tsiya,
wai na cika masa mota da ƙarnin kifi.
Barira ta yi barci a kafaɗata.
Nazifi na ƙidayar amalanke ta taga,
ya kai goma sha ɗaya.

Bai kai sha biyu ba.

Fitila guda na hango tana rangaji,
ta yi dama, ta yi hagu, ta dawo hannunmu.
Tsahiru ya ce, "Wannan lafiyarsa kuwa?"
Iyakar abin da ya faɗa ke nan.
Sai ƙasa ta koma sama,
gero na tsaye bisa kaina,
bakina cike da rairayi da gishirin jini.

Ba da salati na fara ba, Allah ya yafe mini,
sunaye na kira.
Barira ta amsa da kuka,
kukan da ya fi mini guɗar aurena daɗi.
Tsahiru ya amsa da nishi ƙarƙashin sitiyari.
Nazifi shiru.
Na lalubi duhu, hannuna ya faɗa kan takalmi,
ƙafa ɗaya, da sauran ɗumi a ciki.
Wannan shirun, da za a auna shi da tiya,
ya fi duk shekaruna yawa.
Can sai wata ƙaramar murya daga kunyar gero:
"Inna, takalmina."

Mutanen ƙauye suka zo da gatari da hasken waya,
suka sare ƙofa kamar masu faskare.
Wani tsoho ya leƙa waccan motar
ya ja da baya, ya toshe hanci da rawani.
Kwalabe biyu a ƙasan kujera.
Ƙafar mijina ta karye wuri uku,
su ko tsagewa ba su yi ba.

A babbar likita ta Maradi
gado biyu ne tsakaninsu.
Sabi'u sunansa, gemu bai gama fito masa ba.
Jandarma na gyangyaɗi a bakin ƙofa,
shi kuwa ya ba bango fuska kwana tara.
Uwarsa na sani, Hurera mai ƙuli-ƙuli a bakin tasha,
ta sha yi mini gyara.
Kullum da asuba takan zo da kwanon kunu biyu,
ta aje ɗaya a gefenmu,
ta durƙusa, ta kasa magana, ta tashi.

Masu gaisuwa na cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa.
Na yarda, ban ja da ikon Allah ba.
Amma tsautsayi bai shiga shago ya miƙa jika biyu ba,
tsautsayi bai murɗa makulli ba.

Tsahiru ya ce ya yafe
tun ba a cire masa ƙarfe ba.
Ni kalmar tana nan a maƙogwarona
kamar ƙayar kifin da muka baro a kwalta,
ba ta fita, ba ta wuce ba.
Kunun dai na ba yara sun sha.

Yanzu an yi girbi.
Tsahiru na dogara sanda zuwa shagonsa na ɗinki,
da ƙafar hagu ya koyi taka keke.
Barira ba ta barci a mota.
Nazifi ya daina ƙidaya ta taga,
ni na karɓe shi.
Cikin dare nakan tashi ba fitila
in bi tabarmi ina sauraron numfashi:
ɗaya,
biyu,
uku.
Sannan in taɓa takalmin nan ƙarƙashin matashi.
Ɗan'uwansa na can cikin karan wani manomi
da ban san sunansa ba.