Hanci Bai Manta Ba

Da sassafe na mirgino su daga ɗakin ƙasa,
huɗu na ƙarfe, ɗaya ta katako,
na jera su a kan ciyawa kusa da rijiya.
Saaremaa ba ta gama farkawa ba,
iskar teku ce kaɗai ta riga ni fita,
sai tukunyar ruwa da ke ta gunaguni a kan wuta.

Baba Endel na zaune a bakin ƙofa,
bargo a gwiwa, ido a kan katangar dutse.
Jiya da dare Salme ya kira ni,
sunan ƙanwarsa da ta rasu tun ban zo duniya ba.
Na amsa masa. To, me zan ce?

Gangunan ƙarfe ba su da wuyar sha'ani.
A danna hanci, iskar da ta rage ta ja tsaki ta fice,
a ɗaga murfi, a zare bututu,
a ɓanɓare zoben roba da farce.
Biyar ne a jikin kowace,
ƙaramin cikinsu shi ke ɓacewa a ciyawa,
shi ne kuma in ya tsage
ganga ta kwana tana huci, giya ta wayi gari salam.
Ruwan zafi da soda, a bar su su jiƙa,
siririn burushi ya bi bututu har ƙarshe,
can inda guiɓi ke laɓewa kamar mai gudun bashi.

Ta katakon ita ce 'yar rigima.
Hunturu ya busar da ita har ana hango rana ta haƙarƙarinta.
Na bi zobban ƙarfenta da guduma, a hankali,
na cika ta, ta zubar kamar kwando,
na sake cikawa.
Kwana uku take sha kafin ta kumbura ta rufe baki.
Sannan rassan kadaka a tafasasshen ruwa,
a ɗura, a toshe, a yi ta mirgina ta a tsakar gida
har ƙamshin daji ya kama cikinta.

Ta huɗu a na ƙarfen ce ta ƙi ɗaguwa.
Na buɗe, tsami ya mare ni.
Giyar bara ce, ta daren hura wuta a bakin teku,
rabin ganga, fumfuna ta yi mata rufi.
Shi ya manta da ita.
Shi da ya sa ni wanke ganga ɗaya sau uku
ina 'yar shekara goma sha biyu, hannu ya yi jawur,
yana faɗin ba a tukunya giya ke mutuwa ba,
ƙazamar ganga ce kabarinta.

Na ja ta bayan rumbu, inda ba zai gani ba,
na tuntsurar a gindin ƙaiƙayi.
Na wanke, na ɗauraye, na sake wankewa,
na canza mata zobba sababbi ful,
na haska tocila, cikinta na ƙyalli kamar cokali.

Don sabo kawai na kai masa,
yadda ake yi tun ina ƙarama.
Ya daɗe yana kallonta kamar baƙuwa.
Sai ya sunkuya, ya cusa fuska a bakinta,
ya shaƙa, ya rufe ido, ya ƙara shaƙa.

"Piret," ya ce, "ba ta fita ba.
Akwai saura a ƙarƙashin murfi. Sake."

Na tsaya riƙe da ganga.
Wata bakwai rabon da in ji sunan nan a bakinsa.

Na koma rijiya, na kifa murfin,
ga shi kuwa, baƙin zare a cikin lungu,
bai kai kaurin gashin gira ba.
Na ƙara itace a wuta.
Daga bakin ƙofa ina jin sa yana tambayar iska
ko Salme ta dawo da shanu.