Kalmomi Biyu a Kan Allo

Ni ce Arlene Havlik, malamar makaranta mai ɗaki ɗaya
a bakin gonakin masara na Nebraska.
Shekarar hamsin da huɗu, da aka dawo hutu,
takarda ta iso daga ofishin gunduma:
a ƙara kalmomi biyu cikin rantsuwar tuta.

Rantsuwar na kan allo tun kafin zuwana,
da farin fenti, layi ya cika maƙil.
Na rasa inda zan sa su.
Sai na ja 'yar kibiya da alli,
na rataye su a sama kamar hula a ƙusa:
ƙarƙashin Ubangiji.

Da safe yara goma sha tara suka miƙe,
hannu a ƙirji, ido a kan ƙyalle.
Harshe ya san tsohuwar hanya,
ya zo wurin ya yi tuntuɓe,
kamar mai hawa bene cikin duhu
an ƙara masa matakala bai sani ba.
Ruthann ta tuntsire da dariya. Na harare ta.
Muka sake. Muka sake, har Juma'a.

Delbert ya ce babansa ya ji a rediyo:
can ƙetaren teku suna da bam, ba su da Allah,
mu muna da bam, muna da Allah,
dole a ji bambancin daga baki.

Ni ba na fashin coci.
Amma sunan nan a kunne na fara jinsa,
daga bakin uwata, da raɗa,
daren da zazzaɓi ya kusa tafiya da ƙanena.
Ban saba jinsa ƙarfe tara daidai ba,
bayan ƙararrawa, kafin darasin lissafi,
da hatimin gwamnati a gindinsa.

Sai kuma Milo Sykora, ɗan shekara takwas.
Kakansa ya baro Bohemiya da akwati ɗaya
da alkawarin ya gama durƙuso,
ko ga sarki ko ga limamin coci.
Milo ya fi kowa ɗaga murya,
amma in an zo wurin sai ya ja numfashi,
ya bar rami daidai faɗin kalmomi biyu,
ya tsallaka, ya tarar da mu a gaba.
Na gani. Na mai da ido kan taga.
Wani ya gani, bai ɗauke ido ba.
Da kaka, gida uku suka daina kai hatsi
injin niƙan babansa.

Bayan 'yan shekaru sunan ya hau takardar kuɗi,
a naɗe shi, a sayi taba, a karɓi canji.
Mai fenti ya zo ya shafe allon,
ya jera layin sabo, ba kibiya, ba tabo.
Jikokina na rantsuwa da haka aka haifi ƙasar.
Ni ma na gwada tsohuwar ina wanke kwanuka,
na yi tuntuɓe a wurin nan dai.

Bara, a turken lantarki gaban gidan waya,
na ga Milo da furfura yana murmushi,
yana neman kujerar majalisar jiha.
Ƙasan haɓarsa kalmomin nan biyu,
da jan fenti, sun fi sunansa girma.

Na tare shi ranar kasuwar shanu.
Na ce, Milo, ina numfashinka?
Ya cire hula, ya yi ta juya ta a hannu.
Ya ce, Malama, ba a cin zaɓe da rami.

Ko ya yi imani yanzu? Oho.
Zuciya ba allo ba ce da zan karanta daga bayan aji,
kuma ni na fara riƙe allin.

Ranar zaɓe na ja labule ya rufe ni.
Na daɗe da fensir a hannu.
Na ambaci sunan yadda uwata ta koya mini,
can ƙasan maƙogwaro,
inda masu ƙirga ƙuri'a ba sa ji.