Zobe Biyu-Biyu

Ran Lahadi, kasuwar Gujungu na ci,
Haladu ɗan Nalado ya tsaya gindin darbejiyata
da jar mota, ko ledar kujera bai ɓare ba.
Ya nuna min hoto a waya,
wata ta birni, cikinta na shinshinar kwalta.
Ya ce, Baba Ilu, haka nake so ta kwanta.

Na ce, yaro, tsuguna.
Ya tsuguna.
Na ce, to a haka ka taka zuwa rijiya ka dawo.
Ya yi dariya, ya kaɗe wando.

Shokazoba gwiwa ce.
Taƙi guda aka ba ta na lilo,
ta nutse, ta taso, ta shanye rami
kafin ramin ya iso ƙugun mai zama.
Ka rage sifirin, ka cinye mata rabin taƙin.
Tun mota na tsaye tana durƙushe,
ina za ta ƙara durƙusawa in gargada ta zo?

Motarsa ce, kuɗinsa ne,
ni kuma ranar ko tiyar gero babu a gidana.
Na ɗauko zarto.
Zobe biyu-biyu na yanke a kowace ƙafa,
na rataye su a ƙusa, ban san dalili ba.

Sati uku yara na bin sa da gudu.
In ya wuce majalisa, masu shayi su miƙe.
Sai dai hanyar ƙauyensu ba ta ga hoton ba:
sawun amalanke, tudun yashi a tsakiya,
kwalbatin nan da ruwa ya cinye wa baki tun bara.
Kowane rami, ƙarfe ya daki ƙarfe.
Daga nan nake jin ta, ƙwas, ƙwas,
kamar ana daka a turmin da babu hatsi.

Damina ta wuce, aka kaɗe riɗi.
Nalado ya ce, tunda akwai mota a gida,
buhu biyar ne kawai.
Ba su kai gada ba ta zauna da gindi,
salansa a yashi, tsoho a bakin hanya
yana fifita da hula, bai ce uffan ba.
Shanun maƙwabci suka jawo ta.

Na ɗaga jak, na sa yatsa.
Mai ya tsiyaye, ƙura ta kama shi ta yi laka,
roba ta yage, sandar ta yi zane.
Na danna boti, ta yi ta rawa ba tsayawa.
Abin da zai kai shekara huɗu
wata biyar ya yi.

Haladu ya ɗaga kai ya ga ƙusa.
Ya ce, Baba, ba za a iya mayar da su ba?
Na ce, mai walda zai karɓi kuɗinka,
amma sifirin in ya sha wuta ya manta tsalle.
Sai Kano, sai Ƙofar Ruwa, sai kuɗin buhu uku.

Ya yi shiru.
Na dafa taya zan miƙe,
gwiwata ta yi ƙarar da na sani,
shekara talatin ina tsugune ƙarƙashin motocin mutane.
Ya miƙo hannu.
Na kama.