Dangwalen Yatsa

Wata uku ina neman Nomau ɗan Barmu.
A ofishin tsofaffin sojoji, can bayan bariki,
magatakarda ya kwance igiyar kundi.
Gara ta riga ni karatu,
ta cinye rabin shekarar arba'in.
Na bi sunaye da yatsa har la'asar:
Mirya, Magarya, Matamai, Gure,
kowane gari ya ba da ƴaƴansa.
Namu babu.

To wa ya kawo kwat mai maɓallan tagulla
da ke kwance ƙasan adakar Inna?
Wa ke farkawa tsakar dare
yana ƙirga da Faransanci har sha biyu,
sai ya yi shiru?

Na koma Birni,
lungun da dutse ya tokare katanga.
Gwaggo Tsahara na ɓarar gujiya, ba ta ko ɗago ba.
"Kai da bokonka," ta ce. "Nemi Kalla."
Kalla? Wan Kaka,
da ya tsufa a gonarsa bai taɓa wuce Takeita ba?
"Shi aka kira.
Matarsa na da cikin wata bakwai, hatsi bai nuna ba.
Da mai gari ya ambaci suna,
ƙanen ne ya ce na'am."

Washegari na same shi, shafi na tamanin da ɗaya.
Kalla Barmu. An haife shi wajen 1918.
Wajen, haka suka rubuta,
kamar mai cinikin rago da ido.
Tabo a girar hagu.
Wannan tabo na san shi, na shafa shi ina yaro,
jaki ne ya harbe shi a hanyar rijiya.
Kwana takwas a tsare don ya ɓatar da bargo.
Asibiti: sanyi ya ci yatsun ƙafa biyu.
A gida harsashi muke cewa.
Ban san ko zan gyara musu ba.

Shekara talatin yana bin layin fansho,
a kira wansa, ya miƙe.

Ƙasan shafin, inda masu alƙalami ke sa hannu,
akwai dangwalen babban yatsa,
tawadar ta koɗe ta koma ruwan ƙasa.
Duk takardar nan, shi kaɗai ne nasa.

Na ɗora yatsana a kai.
Nasa ya fi faɗi.
"Malam, ba a taɓawa," in ji magatakarda,
amma ya juya yana neman makullinsa,
ya daɗe bai gan shi ba.