Littafin Asali

Damisa ƙi sabo, haka kakana ke kiranki,
shi da ya bar yatsu biyu a duwatsun Shere.
Ni jikansa da bokiti nake zuwar miki,
cinyar akuya, Talata da Asabar.

Likita Nanret ta buɗe littafin asali:
uwarki lamba ce, ubanki ma lamba.
Ta ce na Farisa ba jininki ba ne,
kada a gauraya zane da zane.
Sai aka kawo wani cikin akwatin katako,
tafiyar kwana uku,
takardunsa sun kusa fin sa nauyi.

Wata huɗu raga na tsakaninku.
Yana gurnani kamar zarto a ɗanyen ice,
kina ba shi ƙeya, kina lasar dagi.
Muka ɗaga ƙofar tsakiya, ko kallo.

Daren jiya ƙanƙarar Jos na dukan kwano,
na haska tocila:
wutsiya biyu na lilo a reshe guda.

Likita ba ta ji ba tukuna.
Davou, na ce wa kaina, kashe fitilar nan,
littafi ya jira safiya.