Furen Kuɓewa a Wuyan Randa

Randar da ke ƙofar ɗakina
ta girmi ɗana na fari.
Tasalla ce ta yi mata ado
tun tana 'yar shekara goma sha ɗaya,
zaune bayan Goggo Kande a Tukur-Tukur,
ƙafafu duk yumɓu,
gashin zakara a hannu, jar ƙasa a sakaina.

Layi uku aka ce ta ja, yadda kowa ke yi.
Sai ta ɗaga kai, ga kuɓewar gindin danga
ta buɗe da sassafe,
rawaya, da baƙin ido can ciki.
Ta ɗauko ta sa a wuyan randa.
Goggo ta hau faɗa: wa zai sayi tukunya da lambu a jiki?
Ni na saya. Sule biyu, har da ragi.

Wuta ce malamarta ta farko.
Ka ba ta fari, ta maido maka toka,
ka ba ta ja, ta maido ruwan makuba.
A nan yarinya ta koyi zana abin da zai fito gobe,
ba abin da ido ke gani yau ba.

Ana nan, wani malami daga Samaru
ya jingine kekensa a kasuwar Tudun Wada,
ya juya tulu, ya sake juyawa,
ya bar mata takarda da fenti a 'yan kwalabe.
Wata shida tana kuka da takardar nan.
Ta ce, ba ta da ciki, ba ta da baya.
Furen tulu sai ka zaga kake samunsa,
na takarda kuwa ya tsura maka ido
kamar mai bin bashi.

Amma hannu ya saba.
Badon Kubanni, furen albasar fadamar Galma,
tumfafiyar da ko akuya ba ta kula ta,
duk ta zaunar da su, ta ɗauki kamarsu.
An ce yanzu suna rataye a Kaduna da Ikko,
a bangon banki, bayan gilashi,
inda ba ƙudan zuman da zai ruɗe ya sauka.

Bara ta zo, da tabarau mai kauri,
hannun dama na ɗan rawa.
Ta durƙusa gaban randata,
ta bi tsagar da na liƙe da siminti.
Ta ce in sayar mata.
Na ce, to ruwan fa, a ina zan zuba?

Ta yi dariya har da tari.
Kunne biyar ne da shi, in ji ta, ni na yi masa shida.
Shekara arba'in ina ɗiba, ban taɓa ƙirgawa ba.

Na miƙa mata moɗa, ta sha, ta ƙara.
Rana ta take, randa na gumi,
furen ya jiƙe sharkaf.
Ta daɗe ba ta ɗauke yatsa daga kunne na shidan ba.